Faifan Nocturne na Britten: kiɗan dare mai hana barci

Benjamin Britten, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, ya tsara Nocturne a 1958, ya sadaukar da shi ga Alma Mahler, matar marigayi mai tsara kiɗa Gustav Mahler, aka fara kaɗa shi a Leeds ta Ingila a watan Oktoban shekarar. Faifan da kamfanin Decca ya naɗa a 1959, Peter Pears na rerawa, Britten da kansa na jagorantar makaɗan London Symphony, shi ne har yau ma'aunin sauran.

Kusan minti 25 ne, baitocin mawaƙan Turanci takwas, babu tsayawa a tsakani. Masu goge ne ke riƙe da zaren, da wani ɗan kiɗa mai kai da komo kamar numfashin mai barci, wanda ke dawowa ya ɗinke mafarki da mafarki. Ban da na farko, kowane mafarki da abin kiɗan da ke masa rakiya, kayan kiɗa bakwai ke nan ban da gogen. Basun, sarewar nan mai kaurin murya, na dodon teku na Tennyson ne. A baitin Middleton, ƙahon da Barry Tuckwell ke busawa kan koma kukan mujiya, can kuma sai ka ji kyanwa, har ka yi murmushi.

Murmushin ba ya daɗewa. Baitin Wordsworth na tuna kashe-kashen Satumbar 1792 ne a Paris, kuma manyan gangunan tagulla, dangin tambari, su ke bin sa, daga gunaguni can ƙasa har su fashe, Pears ya kwarma ihu. Nan mai saurare ke cin karo da matsala. Farkon faifan a hankali yake ƙwarai, sai mutum ya ƙure ƙara don ya ji gogen, gangunan su zo su fasa masa kunne. Dabarar ita ce a fara daidaita ƙarar a kan wurin gangunan, sannan a koma farko a bar ta yadda take. Lasifikar waya kuwa ba ta ɗaukar ƙasan sauti, basun da ganguna duk sai su zama kwaramniya. A nemi abin saƙalawa a kunne mai rufe shi ruf, da ɗakin da babu janareto kusa.

Mai ji ta manhaja ya kashe tsarin cakuɗa waƙoƙi, ya tabbata ba a sa rata tsakanin ɓangarori, in ba haka ba numfashin nan ya yanke.

Muryar Pears ba kowa take wa daɗi ba, tana da ɗan hanci, tana rawa in ya hau sama. Amma ba ya cinye harafi ko ɗaya, ga baitin Owen da abin busa mai kama da algaita, sai dai ya fi ta sanyi, ya fito sumul. Akwai ɗan shuu na tsohon tef a wuraren shiru. In za a sayi faifan, a duba wanda ke da takardar baitocin, don Turancin Shakespeare na ƙarshe, inda duka kayan kiɗa bakwai ke haɗuwa, ba ya kamuwa a ji ɗaya.