Wasannin daɓe na bana a Samaru: biyu sun yi daɗi, ɗaya ya koma lacca

Wata ƙaramar ƙungiyar 'yan wasan daɓe a Samaru, Zariya, ta kammala jerin wasanninta na bana, sababbin rubuce-rubuce guda uku, duk da Hausa, duk a kan abin da ke damun mutane yanzu. Mafi yawan 'yan wasan matasa ne, wasunsu sun yi karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka gina dandamalin wasan nan na ginin laka tun shekarun 1970. Ana ganin horon a jikinsu. Ba sa buƙatar makirfo, na layin baya ma yana jin kowace kalma.

Na farko shi ne ya fi burge ni. Labarin wani mai POS ne a lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira. Kayan wasan ba su wuce tebur, lema da benci ba. Akwai fitowar da wata tsohuwa ta zo cirar kuɗin da ɗanta ya turo mata daga Legas, mai POS ɗin ya ce, "Inna, babu netwok." Ta kwance bakin zaninta, ta ciro tsofaffin ɗari biyar-biyar da mai shago ya ƙi karɓa, ta shimfiɗa su a kan teburin ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To ɗan nan, waɗannan fa, su ma netwok ɗin ne ya kashe su?" Zauren ya fashe da dariya, amma matar da ke kusa da ni hawaye take sharewa. Marubucin bai mai da mai POS ɗin mugu ba. Shi ma sayen kuɗin yake yi a gidan mai da tsada, uwar 'ya'yansa na jiran cefane.

Na biyu ya fi nauyi: iyali ne ke haɗa kuɗin fansar wanda aka sace a hanya. Ba a nuna ɗan bindiga ko ɗaya ba. Waya ce kawai a kan tabarma, duk lokacin da ta yi ƙara sai wa da ƙani su koma gardamar wace gona za a sayar. Wanda ya fito a matsayin ƙanin ya iya shiru, abin da 'yan wasanmu da yawa ba su iya ba.

Na uku, kan samarin da ke bi ta Agadas don tsallaka hamada, shi ne ya sage mini gwiwa. Rabin farko lafiya lau. Daga nan sai wani dattijo ya juyo ya fuskanci 'yan kallo, ya shiga faɗakarwa kamar an biya shi a taron wayar da kai. Mun riga mun gane, malam. Da an bar uwar yaron da jakar da ya bari, da ta isar da saƙon.

Ta fuskar shiri akwai gyara. Ana makara wajen farawa, sai sallar isha'i ta riski wasa a tsakiya, mutane su fara zamewa. Ƙarar janareto ma na cinye wasu maganganun, gara a matsar da shi bayan katanga. Kuɗin tikiti kuwa ɗalibi ma zai iya.

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, 'yan wasan daɓe suka riƙa komawa fim, har matasa da dama ba su taɓa zama gaban dandamali ba. Shi ya sa na yi mamakin yadda benci ya cika da 'yan sakandare. In za a maimaita wasan mai POS, ku je da wuri ku kama wuri a gaba, can nesa da janareton.