Ɗinkin sitiyari da fata a Ƙofar Ruwa: aikin ya yi, amma a je da haƙuri

Motata Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, kuma har yau injinta bai taɓa kwana da ni a hanya ba. Abin da ya riga komai tsufa a jikinta shi ne wurin da hannuna yake sauka. Saman sitiyarin, daidai inda rana take dukansa ta gilashin gaba, ya fara da ƙyalli, ya koma danƙo, daga baya ya shiga ɓarewa. In na tuƙo daga Hotoro zuwa wurin aiki sai in sauka da baƙin gari a tafin hannu, ranar Juma'a kuwa farar shadda ce take shan wahalar. Ban ga laifin mota ba. Duk wanda ya san Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ya san motar da aka bari a rana da gilasai a rufe, cikin sa'a guda sitiyarinta ya wuce digiri 50. Ga gumi, ga basilin ɗin da muke shafawa da hunturu, ga turaren da ake murzawa a tafi, ga kuma ruwan wanke hannu mai sifirit da muka yi ta zubawa a 2020 lokacin korona. Kusan shekara 20 roba tana shan wannan, dole ta gaji.

Rigar sitiyari irin wadda yara suke talla a danja ta rufa mini asiri na wani lokaci. Iyakarta ke nan, rufin asiri. Tana ƙara wa sitiyari kauri har yatsu ba sa haɗuwa, kuma ranar da ka zo shan kwana da sauri a shataletale za ka ji rigar ta juya, sitiyarin bai bi ta ba. A ƙarƙashinta kuwa ɓarna tana nan tana ci. Sitiyari ƙarfe ne a ciki, aka zuba masa soso mai tauri, aka rufe da fenti ko fata. Nawa soson ya rabu da ƙarfen ta sama, in na murɗa sai in ji yana juyawa shi kaɗai. Wannan ya wuce zancen ado.

Na fara da neman sitiyari na hannu a wajen masu kayan gyara na Ƙofar Ruwa. Waɗanda na gani sa'annin nawa ne, su ma sun sha ranar wata ƙasa kafin su zo tamu, mai ɗan kyan kuma ba a sayar da shi sai haɗe da jakar iska, kuɗi ya yi sama. Wani ya ce a yi masa feshi. Na taɓa riƙe na wani abokina da aka fesa, damina ɗaya ya koma gidan jiya. Shi abokin ne ma ya kwatanta mini wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota a bayan layukan kayan gyaran.

Shagon ba shi da allo. Rumfar kwano ce, da keken ɗinki biyu, da kujerun motoci jingine a bango, da yara uku suna yankan soso. Aikinsu na kullum kujeru ne da silin ɗin mota, sitiyari kuma maigidan ne kaɗai yake taɓawa. Bayan mun gaisa ya shiga motar, ya cire rigar ya miƙo mini ba tare da ya ce komai a kanta ba, ya kama saman sitiyarin ya murɗa.

"Alhaji, kawo hannunka nan. Ka ji? Nama ya saki ƙashi. In na ɗora fata a haka, kuɗinka na ci."

Wannan maganar ce ta sa na zauna. Mutumin da ya fara da abin da ba a gani, ba da launi ba, ya san sana'arsa.

Ni da niyyar jar fata na je. Ina alfahari da ita, fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Na ce a ɗinke mini da ita, motata ta fita daban. Ya yi dariya ya ce, "Ni jikan dukawa ne, a cikinta na tashi, amma ba zan sa maka ita a nan ba." Ya ce fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan gumi, ta yi duhu, ta bushe ta yi tauri, rininta kuma yana bin hannu. Tana da kyau a jaka da tintimi da kuben wuƙa, ba a wurin da hannu mai gumi zai kwana yana murza ba. Sitiyari fatar saniya yake so, wadda aka jeme da sinadari irin na masana'antun Chalawa da Sharaɗa, aka rufe fuskarta yadda ruwa ba ya shiga, kaurinta kamar milimita 1 da ɗan ɗoriya. Matsalar ita ce a ƙasar nan fatar saniya tukunya take tafiya, ganda ta cinye ta, shi ya sa mai kyau take tsada. Dabararsa ita ce yana sayen kujerun manyan motocin da aka yanka, ya fitar da fatar bayan kujera da ta gefe, wuraren da ba a zama a kai. Fata ce da tun asali don mota aka jeme ta, ta san zafi.

Ya shimfiɗa mini uku in zaɓa, har da leda mai kama da fata, kuma bai ɓoye mini cewa leda ce ba. Ya juya bayansu: bayan leda yadi ne, bayan fata ɓurɓushi ne mai laushi. Ya yanki ɗan ƙyalle daga kowace ya kanga ashana, ledar ta narke ta ɗiga, fatar ta takure tana warin ƙonannen gashi. A wajen wasu, wannan ledar ce za a sayar maka da sunan fatar Italiya. Ya yi mini kuɗin fata N30,000, muka daidaita a N27,000. Da leda na zaɓa, da bai kai rabin haka ba.

Inda ya ƙara burge ni shi ne da aka zo cire sitiyarin. Ya ce, "Ni baduku ne, ba rewaya ba," ya aika yaro ya kira maƙwabcinsa mai aikin waya, wanda na biya daban N4,000. Na tsaya a kansa har ya gama, kuma ina ba kowa shawarar ya tsaya, don a tsakiyar sitiyari akwai jakar iska, kuma abin da yake busa ta sinadari ne mai fashewa. Ya daidaita tayoyi suka miƙe, ya cire kan batir, ya jira. Littafin Toyota cewa ya yi a jira aƙalla daƙiƙa 90, shi ya ba ta fiye da haka. Ya kwance kusoshi biyu na gefe, ya zare wayoyin, ya ajiye jakar a kan kujera fuskarta tana kallon sama. Kafin ya kwance babban notin da soket mai lamba 19, ya ja layi da maka a kan sandar da sitiyarin don ya koma daidai inda ya fito. Sannan ya manne abin da suke kira ribon da salatif. Wata siririyar waya ce a naɗe a bayan sitiyari, ita take kai wuta ga oda da jakar iska. In aka bari ta juya alhali sitiyari yana cire, ranar da ka murɗa har ƙarshe sai ta tsinke, oda ta mutu, fitilar jakar iska ta kama a dashbod. Mutane da yawa a nan suke asarar da ta fi kuɗin ɗinkin.

Tunda zancen ya zo, masu motocin waɗannan shekarun, Corolla da Accord da ire-irensu, su tuna da yawa daga cikinsu suna cikin waɗanda aka yi wa kiranye, wato aka ce a mai da su a gyara, saboda jakar iskar kamfanin Takata, wanda ya durƙushe a 2017. Sinadarin da ke cikinta zafi da danshin iska suna lalata shi, har ya iya fasa gwangwaninsa ya watso ƙarfe. In motar daga Amurka ta fito, ana iya sa lambar shasinta a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran hanya ta can a ga ko tana ciki. Wannan ba aikin mai ɗinki ba ne, na mai mota ne.

Ɗinkin kansa ban ga dukkansa ba, amma na ga farkonsa da ƙarshensa. Ya tsaga soson ta ciki inda ya saki, ya ɗura gam, ya ɗaure tam da robar tsohon tub ya ajiye ya bushe. Ramukan da suka ɓare ya cike su, ya bi da samfefa har yatsa ya daina jin tudu. Cewarsa fata ba ta ɓoye aibi, fito da shi take yi. Sitiyarin faɗinsa wajen santimita 38 ne, zagayensa kusan 120, amma ya yanka fatar ta gaza haka kaɗan da gangan, don sai an ja ta da ƙarfi za ta hau ta kama. Ya kankare bakunanta suka sirance, ya bi kowane gefe da layin keke, sannan ya zauna da lanƙwasasshiyar allura da zaren nailan mai kaki yana sarƙe layin nan da wancan, ɗaya bayan ɗaya, yana ja. Ɗinkin ta ciki ya bi, inda yatsu suke lanƙwasa, ba ya gogar tafi. Wurin da fata ta yi gardama, kusa da hannuwan sitiyarin, ya hura mata zafi da na'urar busar da gashi ya danna da ƙashi mai santsi.

Sai abin da bai yi mini daɗi ba. Ya ce in dawo in karɓa gobe da la'asar. Goben ta zama jibi, jibin ma na zo na tarar an ajiye nawa ana fama da kujerun wata bas da mai ita ya tsaya a kansu. Mota kuma ba sitiyari ba ta motsi, tana nan a gefen rumfa tana shan ƙura, ni ina bin adaidaita sahu. Da na yi magana ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, gam ba ya son gaggawa." Gaskiya ne, amma gam ɗin ya bushe tun jiya. Ba wurin zama sai benci guda a rana, ba rasit, ba a karɓar tiransifa sai ka nemi mai POS. Yaron da ya kawo sitiyarin ya bar ɗigon gam a kan murfin oda, sai da na nuna aka goge. Warin gam ɗin kuwa ya daɗe a motar, uwargida ta ƙi shiga sai da gilashi a sauke. A hannun sitiyarin na ƙasa, ta hagu, akwai 'yar tattara da har yau ba ta kwanta ba. Ba wanda ya taɓa lura da ita sai ni, amma ni ɗin ne na biya.

Bayan ɗan lokaci ƙulli ɗaya ya saki a inda zaren ya ƙare. Na koma, ya ajiye abin da yake yi, ya shiga motar ya ɗaure ya ƙone bakin zaren, bai karɓi ko sisi ba.

Yanzu aikin ya ga damina ya ga hunturu. Fatar ba ta motsa ba, ba ta saki rini ba, soson ma shiru. Kaurin ya ɗan ƙaru, hannu ya saba cikin mako. Abin da na fi ji shi ne a doguwar tafiya, hanyar Wudil zuwa Dutse, hannu yana gumi amma ba ya zamewa, kuma na daina damƙe sitiyari da ƙarfi yadda nake yi da. Ya hana ni barin masu wankin mota su fesa masa man ƙyallin dashbod, ya ce santsi yake sa shi, tsumma mai ɗan danshi ya isa. Na kuma sayi marufin gilashin gaba, ina shimfiɗawa duk inda ba inuwa.

In sitiyarinka ƙarfensa ya lanƙwashe a haɗari, kada ka kai masa, sabo za ka nema. Direban haya da yake kwana a kan Golf ko Sharon zai iya ɗaukar ledar, muddin an gyara soson ƙasa, don ɗinkin iri ɗaya ne, tsawon rai ne ya bambanta. Mai motar gida da yake da niyyar riƙe ta wasu shekaru, fatar ta fi. Ka je da safe a farkon mako, ka roƙi a ɗinka shi a jikin motar in soson bai saki ba, don haka ya raba ka da rewaya da barin mota a kasuwa. In kuwa dole sai an cire, to ka tanadi kuɗin adaidaita na kwanakin da suka fi waɗanda aka faɗa maka.