Direba uku na gwada kafin na samu tawa

Bari na fara da warware wani abu, don ranar da nace wa uwargida na sayi direba sai ta dube ni tace to Alhaji ina motar da zai tuƙa. Ba direban mota ba ne jama'a, sandar golf ce, wadda tafi duk sauran tsawo da girman kai a cikin jaka, ita ake fara bugu da ita a ramuka masu nisa. Ni ɗan Garwa ne, harkar albasa nake, kuma ita ce take kai ni Yaunde kusan duk wata, mota zuwa Ngaundere sannan jirgin ƙasa na dare. A can wani dattijo da muke ciniki dashi ya ja ni filin golf na Mont Fébé wai in raka shi kawai, yau shekara huɗu kenan ban warke ba.

Ta farko da na saya ba zan ma kira sunan da aka rubuta a jikinta ba don ba nasu bace. Wani ne ya saka hoto a wani gurup na WhatsApp, sabuwa fil cikin leda, sefa dubu 90. Ni ko nasan sabuwar direba ta manyan kamfanoni tana kaiwa wajen dala 600 na Amurka, wato sama da dubu 300 tun kafin duwan, wato kwastan, su ce nasu, amma kwaɗayi ya rufe min ido nace ai banza ta faɗi. Bugun farko naji hannuna yayi zirrr har gwiwar hannu, ƙarar kamar ka doki tukunyar da ta tsage. Kadin da ke ɗaukar min jaka, yaro ne amma ya girmi kakana a wannan harkar, ya karɓa ya juya ta yace patron wannan ba ta gaske bace. Washegari ya zo da ɗan maganaɗisu ya ɗora a fuskarta sai ya manne ɗam. Yace fuskar ta gaske da ƙarfen titaniyom ake yi kuma maganaɗisu baya kama shi. Tana nan a bayan ƙofa, yara na kakkaɓo mangwaro da ita.

Ta biyu aro ce. Dattijon nan ya bani tashi Titleist TSR3, digiri 9 (wato kwanciyar fuskarta, in digiri yayi yawa ƙwallo tafi tashi sama), ƙota mai tauri wadda ake rubuta S a jiki, yace ƙanena riƙe ta wata biyu ka gani. Wallahi in dai maganar daɗin bugu ake ban taɓa riƙe irinta ba har yau. In ka samu tsakiyar fuska ba ka ma jin ka bugi wani abu, wani ɗan sauti ne mai nauyi tak, ƙwallo ta tafi a miƙe ƙasa ƙasa kamar an harba ta da gwafa. Akwai ranar da na aika ta wajen mita 225, na tsaya ina kallo har na bayanmu suka fara gyaran murya. To amma sau nawa nake samun tsakiyar? a bugu goma ƙila biyu. Sauran takwas ɗin ƙwallo zata tashi lafiya lau sannan ta lanƙwashe dama kamar lauje ta faɗa cikin itatuwa, kuma duk wanda ya san Mont Fébé ya san tudu da gangare ne, in ta gangara sai dai ka yi mata addu'a. Rana ɗaya na zubar da ƙwallo biyar. A bayan kan akwai wani ɗan nauyi da ake matsarwa wuri biyar, na matsar na matsar har na gaji, ashe matsalar ba a sandar take ba, a hannuna take. An yi ta ne don wanda bugunsa ya zauna kuma yake da saurin lilo, ni kuma girman kai ne yasa na ɗauki digiri 9 da S don kar a ce min tsoho. Na mayar masa nace Baba na gode, wannan dokin yafi ƙarfin linzamina.

A nan ne na zauna na fara bin abin a hankali, kuma abin da na gano ya bani haushi don da na sani tun farko da ban wahala ba. Duk kamfanonin nan doka ɗaya ta ɗaure su, ta R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf. Girman kan direba ba zai wuce cc 460 ba, kuma akwai iyakar yadda fuska zata iya tunkuɗa ƙwallo, duk sun kai bakin iyakar tuntuni. Shi yasa in ƙwararre ya buga tsakiya da Ping ko Callaway ko TaylorMade ko Titleist bambancin nisan ba wani mai yawa ba ne. Inda suke rabuwa shine lokacin da ka kuskure, ka buga da bakin fuska ko da dunduniyarta, wato ɓangaren da ke kusa da ƙota. Wata kan zai murɗe ƙwallo ta ɓace, wata kuma ta daure ta riƙe kanta ta kai maka ita kusa da inda kake so. Wannan shine abin da suke kira yafiya, kuma daga nauyin da aka tura can baya da gefe yake zuwa. A 2024 ma TaylorMade Qi10 Max da Ping G430 Max 10K duk akan wannan suka yi ta talla. Na buga Qi10 Max ɗin wani sau shida ko bakwai a wajen gwaji, tana da sauƙin tashi sosai, amma kuɗinta ba na ɗan albasa bane a shekarar da farashi ya faɗi.

Sai na sa ƙanin matata da ke Faransa ya nemo min Ping G425 Max ta hannu, fitowar 2021, digiri 10.5, ƙota R mai ɗan laushi. Yuro 250 ya biya, kusan sefa dubu 164, ya bayar aka taho min da ita. Gaskiya ganin farko bata burge ni ba, kai faffaɗa baƙi wuluk da wasu ƙusoshi a sama kamar bayan kada. Ƙararta kuma, hmm, tana da murya, in ka buga na rami na gaba sai ya waigo. Wasu basa son haka, ni yanzu na saba har in ban ji ba sai naga kamar ban buga ba. Akwai nauyin tangistin giram 26 a bayanta, kadina ya kwance ya mayar dashi ɓangaren dunduniya, laujen nan nawa bai ɓace gaba ɗaya ba amma ya koma ɗan karkata da zan iya zama dashi.

Ga lissafin da ya sa na tsaya a kanta. Mafi kyawun bugu na da ita bai kai na TSR3 ba, tana tsayawa wajen mita 205 zuwa 210. Amma mummunan buguna da ita yana kai 185 kuma yana cikin fili inda zan ga ƙwallona, alhali mummunan bugu da waccan sai dai in ciro wata daga aljihu in ƙara bugun tara a kati. A ramuka 18 wannan ya rage min bugu shida ko bakwai ba tare da na iya komai sabo ba.

Wani abu da ya shafe mu 'yan arewa musamman. Ni a Garwa a wani fili nake gwaji ta wajen Binuwai da rani, da sassafe kafin rana ta fara dukan mutum, yara biyu suna tsinto min ƙwallo. Ƙasar nan a watan uku ta bushe ƙamas, ƙwallo in ta sauka gudu take kamar a kan kwalta, ko ka buga ta ƙasa ƙasa sai ta ƙara mita talatin ko fiye, sai ka ɗauka kai wani ne. Ka je Yaunde da damina ciyawa jiƙe, inda ta sauka nan zata zauna. To wanda ya auna kansa a busasshiyar ƙasa zai ce digiri 9 ya ishe shi, ƙarya ƙasa take masa. Nisan da ƙwallo tayi a sama shi zaka duba. Ni har na ƙara mata digiri, don wuyan G425 ana juya shi sama ko ƙasa har digiri ɗaya da rabi, yanzu kusan 12 nake bugawa kuma ba kunya.

Ƙotar ma ta min tsawo, inci 45 da kusan kashi uku cikin huɗu take zuwa, ni kuma ba dogo ba ne. Na so in yanke sai dattijon yace kar ka yi gaggawa, in ka yanke kan zai yi maka sauƙi a hannu kuma ba a mayarwa, ka fara riƙe ta ƙasa kaɗan tukuna. Haka nake yi har yanzu, kuma tsakiyar fuska na fi samu.

Kuskure ɗaya da nayi da kaina, na bar jakar a but ɗin mota kwana uku a watan huɗu, zafin Garwa sama da digiri 40, robar mariƙin tayi santsi tana zamewa in gumi ya zo. Allah ya taimake ni gam ɗin wuyan bai saki ba. Yanzu a ɗaki take kwana kusa da fanka, uwargida tace ko ita ba a bata wannan gatan ba. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu ina da kaya zuwa Yaunde, zan sa a canza min robar, daga nan in biya unguwar Birikiteri in ci tsire kafin jirgin yamma.