Wake Ba Kitsen Alade: Wani Gidan Abincin Yahudawa a Birnin Meksiko

Duk Musulmin da harka ta kai shi Birnin Meksiko, kitsen alade ne zai fara hana shi sakat. Naman kansa mai sauƙin kaucewa ne, tunda ido na ganinsa. Kitsen kuwa ɓuya yake yi. Da shi ake soya wake, da shi ake kwaɓa ƙullun tamal, wato alalarsu ta masara, wasu matan har shinkafa da shi suke soyawa kafin su tsaida ruwa. Sai ka nuna kwanon da babu ko tsoka ɗaya a ciki ka ce wannan dai lafiya lau, alhali ya sha kitse ya ƙoshi. Ga kuma naman nan da ake jerawa a ƙarfe a tsaye yana juyawa gaban wuta a kowace kusurwa. 'Yan Lebanon da suka yi ƙaura zuwa ƙasar ne suka kawo dabarar daga shawarma, amma 'yan gari suka cire rago suka sa alade. Musulmin ƙasar kaf ba su kai dubu goma ba a ƙidayar 2020, saboda haka kada ka sa ran ganin allon halal a bakin titi.

Ni harkar zoɓo ke kai ni can. Meksiko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake tarawa daga Jigawa da Kano da Katsina, kuma wanda yake ɗaure kaya a Dawanau wata rana dole ya je ya ga fuskar mai karɓa. Abokin cinikinmu na can ne ya gaji da ganinmu muna fama da burodi da ayaba da kifin gwangwani, ni da Alhajin da muke tafiya tare, ya ce akwai inda zai kai mu mu ci abincin gida ba tare da yi wa kwano tambayoyi ba.

Gidan yana unguwar Hipódromo, a cikin Condesa, kan wani ɗan layi da ya ɓalle daga Titin Amsterdam. Titin nan zagaye yake yi ya dawo inda ya faro, domin a kan sawun tsohon filin sukuwa aka shimfiɗa shi, kuma baƙo sai ya yi hattara ko ya wuni yana kewaya. Unguwar ta taɓa cika da Yahudawa. Na farko sun zo daga Halab da Dimashƙ da sauran garuruwan Daular Usmaniyya a farkon ƙarni na 20, suka kafa ƙungiyarsu ta Monte Sinaí a 1912. Sai na Poland da Rasha da Lituwaniya suka biyo baya, musamman da Amurka ta tsuke ƙofarta a 1924. Talla suka fara yi a tsakiyar gari, safa da yadi da tarkace a kan bashi. Da hali ya samu suka koma Roma da Condesa, daga baya masu kuɗinsu suka haura Polanco da Tecamachalco. Yau ana ƙiyasta su kusan dubu 40 a ƙasar, yawancinsu a wannan birni. Tsohuwar da ke da gidan abincin tana cikin waɗanda ba su haura ba. Kakanninta mutanen Halab ne, a unguwar ta tashi, kuma ta ce sai dai a fitar da gawarta.

Falon ƙasa na gidansu aka fasa aka zuba tebura, ba su fi bakwai ba, kowanne da shimfiɗar leda. Babu takardar zaɓen abinci. Abin da aka dafa ranar ana rubuta shi da alli a allo, a tsarin abincin rana na 'yan ƙasar: romo, sai shinkafa, sai babban kwano, sai ɗan kayan zaƙi, da tulun abin sha a tsakiyar tebur. Tsohuwar tana zaune kusa da ƙofar madafa tana tsince wake tana ba da umarni. 'Yarta ce ke kai abinci, ita ce kuma mai jin Turanci. Surukin yana kan akwatin kuɗi. Amma wadda ke riƙe da tukunya wata mata ce 'yar jihar Puebla, Kirista, da ta shigo gidan aikatau tun tana budurwa, yanzu har ta yi furfura. A ganina ita ce sirrin wurin. Ta kawo girkin uwarta, aka gindaya mata dokokin gidan, ta nemo hanyar da za ta bi da su ba tare da abincin ya mutu ba.

Dokokin kuwa ba wasa. Ba alade, ba kitsensa. Ba jatan lande, ba kifin da ba shi da ɓawo, wato da an kawo musu tarwaɗarmu ba za ta shiga madafar ba. Sannan babbar dokar da ta fi sauya fasalin abincin: ba a haɗa nama da nono ko wani abin da aka yi da nono. A ƙasar da ake barbaɗa cuku a kwarara kirim a kan kusan komai, wannan ba ƙaramin gibi ba ne.

Bari in fara da waken, don shi ya sa na koma. Baƙin wake ne, an dafa shi da albasa da wani ganye mai ƙarfin ƙamshi da suke kira epazote, sannan a dama shi a kasko har ya yi kauri. Maimakon kitsen alade, matar Puebla tana narka kitsen kaza da fatarta a ƙaramar wuta, ta jefa albasa har ta yi ja, ta tace. Na leƙa na ga yadda take yi: ludayi guda na man a kasko, wake ludayi biyu, ta danne da bayan cokalin itace, ta ƙara romon waken kaɗan kaɗan, tana juyawa har ya fara sakin kaskon da kansa ya naɗe wuri guda. 'Yan ɓawon fatar da suka soyu ta barbaɗa a kai. Kana yagar tortiya mai zafi, wato siririyar gurasarsu ta masara, ka dangwala, ƙamshin kaza da albasa ya riga waken isa. Tortiyar ma a nan ake yi, da masarar da aka dafa da farar ƙasa aka niƙa, a matse ta tsakanin leda biyu a jefa kan faranti mai zafi. Idan ta kumbura ta tashi, ta nuna. Ana kawo su a naɗe cikin ƙyalle, kuma yaron gidan ba ya bari kwandon ya huce.

Romon kaza ne ya biyo baya a daraja. A ciki akwai dunƙulen garin burodi marar yisti da Yahudawa ke ci a bikinsu na Idin Ƙetarewa, wanda asalinsa girkin Yahudawan Turai ne, tsohuwar ta ce a gidan surukanta ta koya. Amma an yanka masa afokado da ɗanyen barkono da ganyen koriyanda, ga lemun tsami a gefe. Alhaji, wanda ba ya yabon abincin da ba na gidansa ba, ya shanye ya ɗaga kwano yana neman ƙari. Akwai kuma kibbe na mutanen Halab, niƙaƙƙen nama a cikin ɓawon alkama, an dafa shi cikin miyar tsamiya mai ɗan zaƙi, aka ajiye masa koren yaji na tomatiyo, wani abu mai kama da koren tumatir, a gefe. Tsamiya da yaji da nama, harshen Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan.

Mole ɗin kaza na ranar Laraba ne, kuma shi ne girkin garin matar Puebla. Miya ce baƙa mai kauri da aka haɗa da busasshen barkono iri-iri, riɗi, gyaɗa, kirfa, kanumfari da ɗan cakulan marar madara. Wanda ya ji an ce cakulan a miya zai yamutsa fuska. Ba zaƙi ke gaba ba, ɗaci ne mai daɗi da ƙaurin barkonon da aka gasa, yajin kuma sai ka haɗiye yake tasowa. Ranar Alhamis kifi ne irin na Veracruz, da tumatir da zaitun. Ga wanda ke da shakku kan nama, ranar nan ce tasa.

Ba komai ne ya tsira daga dokar ba. Enchilada ɗin kaza, wato tortiya da aka naɗe da nama aka kwarara mata miyar barkono, ba cuku ba kirim, sun yi ƙoƙarin rufe gibin da afokado da aka dama, amma abokin cinikinmu ya ci loma biyu ya ce wannan marainiya ce. Ni da ban saba da ta asali ba na cinye, sai dai na yarda tana da bushewa. Tamal ɗin kuwa bai yi ba sam. Ƙullun masara ne da ake naɗewa a ɓawon masara a turara, kamar dai yadda ake turara alala, kuma kitse ne ke sa shi ya tashi ya yi laushi. Da man gyaɗa ko na masara suke yin nasu, ya fito a cushe, yana tsayawa a maƙogwaro. Na tambayi dalilin da ba a sa masa kitsen kazar ba, aka ce ba ya isa, wake ya cinye. Kayan zaƙin ma ba abin a zo a gani ba ne, tunda ba madara bayan nama: dafaffiyar gwaba a ruwan sukari, kullum ita.

Zoɓon teburin na sa masa ido, sana'a ce. Launinsa ya yi, ja mai duhu, amma sun tsinka shi da ruwa, ba citta ba kanumfari, sukari kawai. Na ce wa 'yar gidan a ƙasarmu da an kawo wa baƙo wannan sai a ce ana rowa. Ta fassara wa uwar, tsohuwar ta ce in kawo mata buhu kyauta sai ta daina rowar.

Yanzu ga maganar da ta fi muhimmanci ga mai karatu Musulmi. Gidan nan ba shi da takardar shaidar kosha, wato shaidar cewa abincin ya dace da dokar addinin Yahudawa. A birnin akwai hukumomin al'ummar Yahudawa da ke ba da irin wannan shaida, su sa mai duba madafa, su liƙa tambarinsu a ƙofa. Nan babu tambari, babu mai dubawa. Bin al'adar gida suke yi, kuma Bayahuden da ya tsananta ba zai ci a wurin ba. Irin waɗannan gidajen kuma ba ɗaya suke ba: wani ya daina alade ne kawai, namansa daga kowace kasuwa yake saye. Saboda haka Alhaji bai taɓa nama ba sai da aka kira tsohuwar.

Ya ce a tambaye ta wa ya yanka. Ta ce kaza da naman sa duka daga mahaucin kosha na Polanco ake kawo mata, ta aika jikanta ya ɗauko ledar da tambarin a jiki. Ya ce, giya fa? Ta ɗan yi shiru, ta ce akwai naman da take dafawa da jar giya ranar Talata, girkin mijinta marigayi, kuma duk ranar da muka zo za ta faɗa mana. Alhaji ya juyo ya ce da ni, "Ka ji mai gaskiya. Da ta ce babu, ina za mu sani?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ya sa ba ta yi arziki ta koma Polanco ba."

A lura da wannan da kyau, domin dokar abincin Yahudawa ba ta hana giya ba. Yankansu kuwa a wuya ne, da wuƙa mai kaifi, a hannun wanda aka horar, sannan a jiƙa naman a barbaɗe shi da gishiri don jini ya fita. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta yi magana kan abincin Ma'abota Littafi, malamai kuma sun yi bayani a kai, kowa ya tambayi nasa kafin ya hau jirgi. Mu dai mun ci. Gishirin nan na fitar da jini yana da tasiri a baki: naman sa yakan zo da ɗan gishiri fiye da yadda muka saba, kuma da yake yawanci gaban dabba ake sayarwa, ba kasafai za ka samu tsoka mai laushi ta gashi ba, sai dai wadda aka daɗe ana dafawa har ta saki.

Kuɗin ya kusan ninka na irin waɗannan ƙananan gidajen abinci na unguwa, kuma surukin ba ya ɓoye dalili, naman kosha tsada gare shi. Ba sa karɓar kati, sai tsabar kuɗi. Wurin matsattse ne, kujerarka na gogar ta maƙwabci. Mutanen garin sai ƙarfe biyu zuwa uku suke cin abincin rana, don haka wanda ya zo ɗaya da rabi zai zaɓi tebur, wanda ya kai uku zai tsaya a bakin ƙofa yana kallon ana goge abinci daga allo ɗaya bayan ɗaya. Babu abincin dare.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Juma'a. Saboda Asabar ɗinsu tana shiga ne da faɗuwar ranar Juma'a, tun da rana suke sauke tukwane su koma girkin iyali, ba sa buɗewa kuma sai Litinin. Kafin mutum ya idar da salla a masallacin unguwar Anzures ya keto cunkoson motoci zuwa Condesa, an ja ƙofa. Ranar da Bahaushe ya fi son ya zauna ya ci abinci mai kyau, ranar ce babu. Dabarar da muka samo ita ce mu yi magana da 'yar gidan tun Alhamis, ta ƙulla mana wake da kibbe da tortiya dozin biyu mu tafi da su masauki. Ana biyan kuɗin robar daban, kuma tortiyar sai an ɗumama ta a busasshen kasko, in ba haka ba karyewa take yi.