Sensan zafin da ke cikin Raspberry Pi Pico: na koyo ne, kar a kai shi injin ƙyanƙyasa

Gaskiya Pico, ɗan ƙaramin allon lantarki da ake saka wa shiri don ya sarrafa na'urori, ta yi, dala 4 aka sa mata lokacin da ta fito a 2021, kuma cif ɗin RP2040 da ke kanta da sensan zafinsa yake zuwa a ciki, ba sai ka sayi komai ba, ba jona waya ba soda. Ka soka kebul ɗin USB kawai ka buɗe Thonny, manhajar rubuta shiri a kwamfuta, layi biyar ko shida na yaren shiri na MicroPython sai ka ga lamba ta fara fitowa. Ɗora ɗan yatsanka kan cif ɗin ka ɗan jira, za ka ga tana hawa a hankali, wallahi ga mai koyo wannan kaɗai ya isa ya sa shi son harkar.

Sensan yana kan tasha ta 4 ta ADC, wato sashen da ke mayar da bolt zuwa lamba, kuma bolt yake ba ka ba digiri ba, 0.706 a digiri 27, duk ƙarin digiri ɗaya ya ragu da milibolt 1.721, kai ne za ka yi lissafin. To a nan gizo ke saƙa, abin da bai kai milibolt 2 ba ai ɗan motsin wuta kaɗan ya isa ya hargitsa shi, su kansu masu ita sun rubuta cewa in bolt 3.3 da ADC ke gwada awo da shi ya kauce da kashi 1 cikin 100 awon zai kauce da sama da digiri 4. Digiri 4 fa! Sannan zafin jikin cif ɗin yake aunawa, ba na ɗaki ba, in ka rufe ta a kwali tana aiki dole ya ɗara na waje.

Tawa lambar rawa take ta yi, sai da na riƙa ɗaukar awo da yawa ina raba su sannan ta natsu, na kuma daidaita ta da ma'aunin zafi na gida.

Abin da ya fi damuna masu haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai ne, don Allah 'yan uwa kar ku dogara da shi, ƙwan kaza wajen digiri 37.5 yake so, kuskuren digiri 2 ma asarar kiret-kiret ce. Ku nemi sensan zafi na daban mai suna DS18B20, kuskurensa rabin digiri ne, ku haɗa shi da resista 4.7k ku zura kansa kusa da ƙwan, ita Picon ta zauna a waje tana kunna hita da fanka.