Alte Försterei: filin ƙwallon da aka gina da aikin gayya

Filin ƙungiyar Union Berlin da ke unguwar Köpenick a birnin Berlin na Jamus yana ɗaukar mutum 22,012, kuma sama da 18,000 daga cikinsu a tsaye suke kallo. Duk wanda ya saba da kujera, gara ya sani tun daga gida. Jirgin ƙasa na layin S3 ne ke kai mutum unguwar, sauran kuma tafiyar ƙafa ce ta kusan minti 15.

An buɗe filin a 1920. Zuwa 2008 matakalan tsayuwa sun farfashe, filin ya kasa cika sharuɗɗan gasa, ƙungiya kuwa ba kuɗi. Sai magoya baya fiye da 2,300 suka ɗauki shebur da baro, suka yi aikin awa kusan 140,000 kyauta: fasa tsohon daɓe, zuba kankare, kafa ƙarafan jingina, fenti. Rufin ƙarfe ne aka bar wa kamfani, kuma a nan aikin ya samu cikas. Rufi bai zo kan lokaci ba, ƙungiya ta cinye kakar wasa guda tana aron wani fili, ba a dawo gida ba sai Yulin 2009, a wasan sada zumunci da Hertha, wata ƙungiyar Berlin.

Ɓangarori uku kawai aka gyara a wannan zagayen. Babban ɓangaren mai kujeru ya jira sai da kuɗi suka samu. A ƙarshen 2011 aka sayar wa mambobi hannun jarin filin, kowane ɗaya yuro 500, mutum ɗaya ba ya wuce goma. An fitar da 10,000, an sayi 5,473, wato kusan yuro miliyan 2.7. Wannan bai kai ko rabin kuɗin ginin ba, sai da aka haɗa da bashi da masu ɗaukar nauyi kafin a kammala a 2013.

Ta fuskar kallo, da wuya a kushe shi. Babu hanyar tsere tsakanin 'yan kallo da ciyawa, matakalan suna da tsayi, gajere ma yana hango raga, rufin kuma yana mayar da amon waƙa cikin fili. Tsohon allon ci yana nan a kusurwa, har yau da hannu ake sauya lambobinsa ta taga.

Aibinsa ƙanƙanta ce. Tun hawan ƙungiyar zuwa Bundesliga, babbar gasar Jamus, a 2019, yawan mambobi ya ninka wuraren zama da tsayuwa, tikitin da ya rage ƙuri'a ake jefawa a kansa, baƙo kuwa sai ya yi sa'a. Wasannin Gasar Zakarun Turai na 2023 ma a Olympiastadion, babban filin wasa na Berlin, aka buga su. Hanyoyin unguwar ƙunci gare su, wurin ajiye mota kaɗan ne, kuma cunkoson nan ne ke ta jan ƙafar shirin faɗaɗa filin.