Seaborn wajen raba ɗigo da launi: inda yake sauƙaƙa aiki da inda yake yaudara

Duk mai zana bayanai da Python ya san wannan buƙata: ga ɗigo ɗari uku a kan zane, ana so kowane rukuni ya fito da launinsa. Matplotlib, ɗakin karatun zane na Python wanda John Hunter ya fara a 2003, yana iya yi, amma sai an wahala. In ka ba plt.scatter sunayen rukunai a wurin c, wato gurbin launi, nan take zai tsaya da ValueError, domin launi ko lamba kawai yake karɓa. Dole ka zagaya rukunan ɗaya bayan ɗaya da groupby, ko ka mayar da sunayen lambobi. Seaborn na Michael Waskom, wanda aka gina a kan matplotlib ɗin, ya zo da scatterplot a sigar 0.9 ta shekarar 2018, kuma layi ɗaya ya wadatar:

sns.scatterplot(data=df, x="flipper_length_mm", y="body_mass_g", hue="species")

Bayanan da suka fi dacewa a gwada shi da su su ne na tsuntsayen fengwin na tashar Palmer a Antatika: tsuntsaye 344, Adelie 152, Gentoo 124, Chinstrap 68. A layin nan df shi ne teburin bayanan, hue kuma shi ke faɗin abin da za a raba launi da shi. Layin zai ba kowane jinsi launinsa, ya rubuta sunayen gefuna, ya kuma haɗa akwatin da ke bayyana launuka, ba tare da an roƙe shi ba. Seaborn kyauta ne, pip install seaborn kawai. Sai dai load_dataset, umarnin seaborn mai kawo bayanan fengwin ɗin, daga intanet yake ɗauko su a karon farko, don haka a sauke su tun ana da intanet.

Matsalar seaborn ita ce yana yanke hukunci a madadinka, kuma ba ya faɗa. Babban tarko shi ne rukunin da aka rubuta da lamba. A ce aji 1, 2, 3, ko lambobin gundumomi. Seaborn zai ɗauka awo ne mai hawa, sai ya zuba launi ɗaya daga mai haske zuwa mai duhu, har rukuni na 2 da na 3 su yi kama da juna. In lambobin suna da yawa, akwatin bayani ma ba zai nuna su duka ba, 'yan kaɗan zai tsinto. Maganin shi ne a mayar da su rubutu da astype(str), ko a sa su zama category kafin a zana. Ƙara legend="full" yana cika akwatin, amma launukan suna nan yadda suke.

Na biyu ya fi haɗari ga mai rubuta rahoto. Ana raba launi ne bisa wanda ya fara bayyana a cikin bayanan. Adelie ne a sama, shi ya sa ya samu shuɗi. Ka tace Adelie ka sake zanawa, Chinstrap ya gaji shuɗin. Mai karatu ya ga shuɗi a shafi na uku da shafi na biyar, ya ɗauka abu ɗaya ne. A nan palette, gurbin zaɓen launuka, ke aiki: a ba shi ƙamus mai haɗa kowane suna da launinsa, a yi amfani da shi a duk zanukan. In suna ɗaya ya ɓace daga ƙamus ɗin, seaborn zai ƙi zanawa ya faɗi wanda babu, wanda abin yabo ne. Shi kuwa hue_order yana tsara jerin sunaye da rabon launi, amma ba ya canja ɗigon da ke hawa kan wani. Ana zana ɗigo bisa jerin layukan bayanai, na ƙarshe ya danne na farko. Inda rukunai suka cakuɗe, a yamutsa layukan da df.sample(frac=1), a kuma rage kaurin launi da alpha kamar 0.6.

Akwai kuma ɗigon da ke ɓacewa shiru. Da hue="species" ɗigo 342 ne ke fitowa, saboda tsuntsu biyu ba su da awo. Da hue="sex" sai su koma 333, domin 11 ba a rubuta namiji ne ko mace ba, kuma seaborn yana zubar da su ba gargaɗi. Wanda yake son ganinsu ya cike gurbin da fillna, ya ba su suna kamar "ba a sani ba", ya sa musu ruwan toka.

Launukan asali guda 10 ne. Da rukunai sun wuce haka, sai ya koma husl, wanda ke yanka bakan gizo daidai-daidai, kuma ido ba ya iya raba maƙwabta. Gaskiya ko bakwai ma sun yi yawa. Gara a fito da manya uku ko huɗu, sauran a haɗa su wuri guda. Saboda masu wahalar bambanta ja da kore akwai palette="colorblind", kuma in za a buga a takarda baƙi da fari, a ƙara style="species" domin siffar ɗigon ita ma ta bambanta.

Akwatin bayani yakan zauna a kan ɗigo. Tun sigar 0.11.2 akwai sns.move_legend da ke fitar da shi gefe, sai dai wajen ajiye hoton a sa bbox_inches="tight", in ba haka ba za a yanke shi.

Ga mai bayanai a pandas, ɗakin karatun teburin bayanai na Python, da rukunai ƙasa da goma, seaborn ya fi matplotlib tsura nesa ba kusa ba. Wanda ya nace wa matplotlib da cat.codes da cmap="tab10" ya tuna da sa vmin=0 da vmax=9. Idan bai sa ba, rukunai uku za su ɗauki launi na farko da na shida da na goma, ba ukun farko ba.